Shingen gefen jirgi: yadda muka bar waya muka dawo mata

Mu da muke aikin ɗaura igiyoyi da wayoyi a jiragen ruwa masu tafiya da iska, mun ga shingen gefen jirgi ya sha sauyi. Layi biyu ne da ake zurawa ta cikin turakun ƙarfe kewaye da jirgin, na saman yakan kai santimita 60 daga daɓe. Aikinsa ya tare mutum kada ya faɗa teku.

Magabatanmu da waya mai rufin tutiya suka yi aiki. Tana tsatsa a fili, mai jirgi ya gani ya canza ta. Da ƙarfe mara tsatsa ya samu, sai aka riƙa lulluɓe shi da farar roba, don kyau da taushi a hannu. Nan matsalar ta ɓuya. Wannan ƙarfe yana buƙatar iska kafin ya kare kansa, idan kuwa ruwan gishiri ya shige ƙarƙashin robar ya kwanta, sai ya ci wayar daga ciki kamar yadda gara ke cin azara. Waje fari fes, ciki ya mutu.

Tseren Fastnet na 1979, inda jirage 303 suka tashi daga Ingila, matuƙa 15 suka rasu cikin guguwa, ya sa aka tsaurara ƙa'idojin kariya gaba ɗaya. Daga baya ƙa'idojin tseren teku, waɗanda hukumar World Sailing ke kula da su yanzu, suka ce wayar shinge ta zama tsirara, kaurinta milimita 3 zuwa 5 gwargwadon tsawon jirgi.

Sai Dyneema ta zo, zaren da kamfanin DSM na ƙasar Holan ya fara sarrafawa don kasuwa a 1990. Ba ta tsatsa, ba ta da nauyi har tana iyo a kan ruwa, ga ƙarfi na ban mamaki. Mai jirgi zai iya saƙa bakinta da hannunsa ba sai ya nemi injin matse waya ba, kuma idan mutum ya faɗa ruwa, wuƙa kaɗai ta isa a yanke shingen a jawo shi. Mun yi murna da ita ƙwarai, hukumar ma ta amince da ita.

Raunin nata bai daɗe ba ya bayyana. Ramin turken da waya ta riga ta kaɗe bakinsa yana cin zaren sannu a hankali, a daidai wurin da ido ba ya kaiwa. Zafi ma abokin gabarta ne, tana narkewa kusa da digiri 150, igiyar da ta goge ta a guje na iya raunata ta nan take. Masu tsere kuma kan jingina nauyinsu duka a kan shingen. Shi ya sa aka janye amincewar ga jirage masu gangar jiki ɗaya a tseren da ke nisa da gaɓa.

Har yau ina ɗaura Dyneema ga wanda ke yawo kusa da gaɓa, muddin zai goge ramukan turakunsa su yi santsi, ya riƙa duba zaren. Wanda zai tsallaka teku da iyalinsa kuwa, tsirarar waya nake ɗaura masa.