Lucera: Tarihin Wani Birnin Kudancin Italiya da Zaman Musulmi a Cikinsa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin tarihin Lucera, wani ƙaramin birni a yankin Apuliya da ke kudancin Italiya, tun daga zamanin Rumawa har zuwa yau. Ta fi mayar da hankali ga shekarun 1224 zuwa 1300, lokacin da garin ya zama mazaunin Musulmin da aka kwaso daga tsibirin Sisili. Hujjar da ta kafa ita ce, buƙatar baitulmalin masu mulki ce ta riƙa ɗaga garin tana sauke shi, kuma ita ce ta fi ƙarfi wajen tarwatsa al'ummar Musulmi, duk da an sanya wa lamarin rigar addini.

1.0 Gabatarwa

Lucera na zaune bisa tudu, kimanin kilomita 20 daga birnin Foggia, tana kallon shimfiɗaɗɗen filin Tavoliere, ƙasar alkama da kiwon tumaki. Duk wanda ya riƙe tudun nan ya riƙe filin da amfaninsa. Daga nan ne za a fahimci dalilin da ya sa dauloli suka yi ta rububin garin da bai taɓa zama babban birni ba.

2.0 Zamanin Rumawa

Marubucin tarihin nan Livy ya ruwaito cewa a shekara ta 321 kafin Miladiyya, rundunar Rumawa tana kan hanyar kai wa garin ɗauki ne Samniyawa suka yi mata ƙofar rago a mashigin Caudium. Bayan 'yan shekaru Rum ta ƙwace garin daga hannun Samniyawa, ta zaunar da mutum 2,500 a cikinsa. Ulun tumakinsa ya yi suna har mawaƙi Horace ya ambace shi, kuma dandalin wasanni da aka gina a zamanin Augustus yana nan har yanzu. A 663 sarkin Rumawan Gabas, Constans na II, ya rushe garin a yaƙinsa da Lombardawa, daga nan ya daɗe bai farfaɗo ba.

3.0 Lucera ta Musulmi

Musulmin yammacin Sisili sun yi wa Sarki Frederick na II tawaye ƙarƙashin Ibn Abbad. Sarkin ya ci sansaninsu na Iato a 1222, ya kashe jagoran, sannan ya shiga kwashe mutanen rukuni-rukuni zuwa Lucera, aikin da bai ƙare ba sai 1246. Wasu marubuta kan kawo wannan a matsayin shaidar sassaucin sarkin ga addinai. A ganin wannan maƙala, yabon ya yi yawa. An raba mutane da gonakin kakanninsu, an kai su tsakiyar ƙasar Kiristoci inda ba su da kowa sai sarki, kuma a doka su bayin baitulmalinsa ne.

Duk da haka al'ummar ta tsaya da ƙafarta. Tana da masallaci da alƙalinta, tana noman alkama da sha'ir, tana biyan harajin kai mai kama da jiziya tare da kason amfanin gona. Daga cikinta ake samun maƙera makamai da masu kula da raƙuma da damisoshin sarki, uwa uba maharba da baka, waɗanda suka yi masa yaƙi a Cortenuova a 1237. Sarki ya san darajar sojan da barazanar Fafaroma ta kora daga coci ba ta ɗaga masa hankali. Da Manfred, ɗan Frederick, ya shiga tsaka mai wuya a 1254, Lucera ya gudu aka buɗe masa ƙofa. Ibn Wasil, jakadan Sarkin Masar Baibars zuwa fadar Manfred a 1261, ya rubuta cewa ana sallar Juma'a a garin a bayyane.

Abin da ya biyo bayan faɗuwar wannan gidan sarauta shi ne ginshiƙin hujjarmu. Charles na I na Anjou, wanda Fafaroma ya kawo, ya ci Manfred a Benevento a 1266. Musulmin Lucera suka yi masa tawaye, ya kewaye garin har yunwa ta sa suka miƙa wuya a 1269. Yana da uzurin ƙarar da su, amma bai yi ba. Ya ƙara musu haraji, ya gina katafariyar ganuwa a bisa tudun, ya ci gaba da ɗibar maharbansu. Ba a yanka saniyar tatsa tana ba da nono.

Ɗansa Charles na II ne ya sauya lissafi. Yaƙin neman maido da Sisili da ta suɓuce wa gidan Anjou, wanda ya ɓarke a 1282, ya tatike baitulmalinsa. A watan Agusta na 1300 ya tura Giovanni Pipino na Barletta ya mamaye garin. An kashe waɗanda suka yi turjiya, an sayar da dubban maza da mata da yara a kasuwannin bayi na Apuliya, an ƙwace hatsi da dabbobi, kuɗin suka shiga aljihun sarki. Wasiƙun sarkin sun yi ta nanata tsarkake ƙasa, kuma ba za a ce ƙiyayyar addini ba ta taka rawa ba, tunda an rushe masallaci an gina majami'a, an kuma sauya wa garin suna zuwa Birnin Maryamu, sunan da bai zauna ba. Sai dai takardun fadar sun fi cika da lissafin farashin bayi da buhunan alkama. Pietro Egidi ya buga su a 1917, abin da ya cece su, domin sojojin Jamus sun ƙone na asali a 1943.

4.0 Daga Bisani

Tumaki ne suka sake ɗaga garin. A 1447 Alfonso na Aragon ya kafa a Lucera hukumar karɓar jangalin garkunan da ke saukowa daga tsaunukan Abruzzo su yi hunturu a filin, amma ba da jimawa ba aka mayar da ita Foggia. Lucera ta ci gaba da zama hedikwatar lardin Capitanata har 1806, lokacin da gwamnatin Joseph Bonaparte ta ba Foggia wannan matsayi ma. Yau mutanen garin sun ɗan haura 30,000, galibi sun dogara ga alkama da zaitun da inabi. Ganuwar Charles na I tana tsaye, majami'ar 1300 tana aiki, amma babu ginin Musulmi ko ɗaya da ya rage a tsaye a garin da suka raya na tsawon shekara 76.