Wa Ke da Wuƙa da Nama? Hukumar NCAA da Sharuɗɗan Shiga Wasannin Jami'o'i a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin sharuɗɗa uku da hukumar NCAA ta gindaya wa ɗalibi kafin ya buga wa jami'arsa wasa: ƙwazon karatu, rashin karɓar kuɗi, da wa'adin shekaru. Ta nuna cewa na farkon ne kaɗai ya rage a hannun hukumar, sauran biyun kuwa kotu ce ke faɗa a ji.

Asalin Hukumar

An kafa hukumar a 1906, bayan mace-macen da aka samu a ƙwallon ƙafa irin na Amurka a 1905 suka sa Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan manyan jami'o'i fadarsa. A 1910 ta ɗauki sunan NCAA, a 1973 ta kasu rukuni uku. Ba hukumar gwamnati ba ce, jami'o'i ne suka haɗu suka kafa abarsu, kuma nan rauninta yake a gaban doka.

Sharuɗɗan da Makomarsu

Ƙa'idar da ake kira Proposition 48, wadda ta fara aiki a 1986, ta buƙaci matsakaicin maki 2.0 a darussa 11 na sakandare, da maki 700 a jarrabawar SAT. An yi sukar ta da cewa 'ya'yan baƙar fata marasa galihu ta fi dannewa. Da aka ƙara tsananta ta a 1989, kocin Georgetown, John Thompson, ya fice daga fili ana shirin fara wasa don nuna fushinsa. Yau rukuni na ɗaya na neman darussa 16 da maki 2.3, sharaɗin SAT kuma an cire shi a 2023.

Batun kuɗi ya fi sarƙaƙiya. A 2010 aka haramta wa Enes Kanter buga wa Kentucky ƙwallon kwando har abada, saboda ya karɓi kusan dala 33,000 sama da ɗawainiyarsa daga ƙungiyar Fenerbahçe ta Turkiyya. A Yunin 2021 alƙalai 9 na Kotun Ƙoli, babu wanda ya saɓa, suka yanke a shari'ar Alston cewa taƙaita tallafin karatu ga 'yan wasa ya karya dokar hana babakere. Daga 1 ga Yuli aka bar su su ci kuɗin talla da sunansu. Sulhun shari'ar House na Yunin 2025 ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Kuɗin da ya jawo wa Kanter haramci bai taka kara ya karya ba in an gwada da wannan. Sai dai ɗaliban waje, har da 'yan Najeriya, bizarsu ta karatu ta ɗaure musu hannu wajen cin wannan gajiya.

Saura wa'adi: kakar wasa huɗu cikin shekara biyar. A Disambar 2024 wata kotun tarayya a jihar Tennessee ta dakatar da lissafa wa Diego Pavia na Vanderbilt shekarun da ya yi a ƙaramar kwaleji. Hujjar lauyoyinsa ita ce, tunda wasa ya zama hanyar samu, rage wa ɗalibi kaka guda toshe masa kasuwa ne. A ganin mai wannan nazari, hujjar na da ƙarfi, kuma duk wata ƙa'idar wa'adi za a iya shigar da ita ƙara ta wannan ƙofa. Shi ya sa hukumar ke ta kai gwauro da mari a Majalisar Dokokin Amurka tana neman dokar da za ta kare ta daga irin waɗannan ƙararraki.