Fulogi Mai Zafi da Babbar Kafireta

Abin da bakanike a Kano ke kira fulogi, takwaransa na Maraɗi buji yake ce masa. Na farko daga Ingilishi muka aro, asalinsa abin toshe kafa, kuma da gaske toshe rami yake yi a kan silinda. Na biyu ya fi ba ni sha'awa. Bougie a Faransanci kyandir ne, sunan kuwa daga garin Bijaya na Aljeriya ya fito, inda Turawa ke sayen kakin zuma. Wani ya dubi mazauninsa, wani ya dubi wutarsa.

Kafireta ma daga Faransanci ta biyo ta Ingilishi ta iso mana, daga kalmar da ke nufin gauraya abu da sinadarin gawayi. Aikinta ke nan: ta haɗa iska da fetur, wajen kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, bisa nauyi.

Inda sunaye suka fi ruɗar mutane shi ne wajen masu gyara tsofaffin akori-kura a Amurka don ƙara musu ƙarfi. Ɗauki Chevrolet C10 mai injin 350, wato lita 5.7, silinda takwas. Can da CFM ake auna kafireta, yawan iskar da za ta iya wucewa ta cikinta a minti ɗaya. Lissafin ba wuya: girman inji sau yawan juyawarsa, a raba da 3456. Injin 350 mai juyi 5000 a minti, iskar da zai sha ba ta wuce 506 ba, ko da ya cika cikinsa fal, abin da injin titi ba ya yi. Kafiretar Holley ko Edelbrock mai CFM 600 ta ishe shi har da saura. Amma mai mota ya ji an ce “babba”, sai ya ɗauko mai 750.

Babba a nan faɗin maƙogwaro ne kawai. Maƙurar da ke cikin kafireta, mai ɗauke da sunan Venturi, masanin Italiya, ita ke sa iska ta yi gudu har ta tsotso mai ta watsa shi kamar feshi. In maƙogwaro ya yi wa inji yawa, iska sai ta yi sanyin jiki, mai ya riƙa zuwa ɗigo-ɗigo. An taka totur mota ta yi tari, sai a ƙara mata mai don a rufe tarin. Kwana kaɗan ta fara misin, a ce fulogi ya mutu.

Wannan magana ta “ya mutu” tana damuna, don fulogi shaida ne aka mayar mai laifi. Kwance shi ka riƙe a hasken rana. In bakinsa baƙi ne busasshe, ka shafa ya bar toka a yatsa kamar gindin tukunya, mai ya rinjayi iska. In baƙin jiƙaƙƙe ne yana sheƙi, baƙin mai ne ke haurowa ta ringi ko ta bawul, kafireta ba ruwanta. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya ke nan. Fari tas kuwa abin tsoro ne, mai ya yi kaɗan, zafi na iya cin fistin. A kuma jera takwas ɗin a kan benci yadda aka ciro su: in duka sun yi baƙi, a koma kan kafireta; in ɗaya ne tak, a bi wayarsa da silindarsa.

Sai “fulogi mai zafi”, wanda ake gudu a saya da an ga baƙi. Da yawa sun ɗauka wutarsa ce ta fi ƙarfi. Ko kusa. Hancinsa na tangaran ne ya fi tsawo, don haka yana riƙe zafi har ya kai wajen digiri 450 zuwa 500, inda toka ke ƙonewa da kanta. Zai iya ɓoye baƙin, amma man da ke kwarara yana nan yana wanke bangon silinda. Lambobin zafin da ke jikin fulogi ma ba bakinsu ɗaya ba: a NGK, lamba na hawa fulogi na ƙara sanyi, a Champion da Bosch kuwa zafi yake ƙarawa. Wanda ya sauya kamfani yana riƙe da lambar da ya saba, yana iya komawa gida da kishiyar abin da ya je nema.