Harshen Aji da Harshen Gida: Duba ga Makarantun Firamare na Ƙasar Roni

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi na Tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke manufar koyarwa da harshen uwa, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga ajin farko. Shekara uku kacal ke nan da amincewa da wannan manufa, domin a ƙarshen 2022 ne, zamanin Malam Adamu Adamu, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yarda a koyar da yaro da harshen uwa a shekaru shida na firamare. Hujjar da aka kafa wajen sokewar ita ce yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da aka ce sun rungumi harshen uwa. Wannan maƙala tana auna hujjar ne da abin da ke gudana a azuzuwan ƙasar Roni ta Jihar Jigawa, kuma matsayinta shi ne an yanke wa manufar hukunci tun ba a gwada ta ba.

Lissafi kaɗai ya isa ya raunana hujjar. Ɗalibin da ya zauna WAEC a 2025 ya bar firamare tun wajen 2019, kafin a haifi manufar 2022. Idan kuma ana nufin tsohuwar Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta ce a koyar da harshen uwa ko harshen muhalli a shekarun farko na firamare, to sai a tambaya: a wane aji aka aiwatar da ita, da waɗanne littattafai, a hannun waɗanne malamai?

Na zauna a bayan wani aji uku a wata makaranta da ke hanyar Amaryawa, wata safiya cikin hunturu. Darasin kimiyya ne a kan sassan tsiro. Malamin ya cika allo da jimlolin Turanci daga littafinsa, wanda shi ne kwafi ɗaya tilo a ajin. Ya karanta, yara suka amsa da murya ɗaya, ya sake, suka sake. Sannan ya juyo ya yi bayani da Hausa mai daɗi, ya kawo misali da karan dawa da saiwar gyaɗa, nan take ajin ya farka, hannuwa suka tashi. Wata yarinya ta ce saiwa ce ke sha wa tsiro ruwa, shi ya sa idan gara ta ci ta sai ganye ya yi yaushi. Da ya ce a kwafe abin da ke allo, na leƙa littafinta. Tana zana haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar mai kwaikwayon zanen lalle, ba tazara tsakanin kalmomi. Na rubuta mata «saiwa tana shan ruwa», maganar da ta fito daga bakinta minti goma da suka wuce. Ta dube ta, ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

Wannan yarinya ba da Hausa aka koyar da ita ba, ba kuma da Turanci ba. Tana jin Hausa da kunne, tana kwafar Turanci da hannu, ba ta karanta ko ɗaya daga ciki. Abin da ake kira koyarwa da harshen uwa a yankinmu galibi shi ne wannan: malami ya fassara da baki don ya ceci darasinsa. Ban ga laifinsa ba, domin takardarsa ta NCE ba ta shirya shi koyar da karatun Hausa ga ɗan shekara shida ba, kuma ba a ba shi littafin da zai yi hakan da shi ba. Alƙaluman Bankin Duniya na 2022 sun nuna kusan tara cikin goma na yara 'yan shekara goma a Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Yarinyar nan tana cikin taran, kuma sauya sunan harshen koyarwa a takarda ba zai fitar da ita ba.

Abin da masana koyon karatu suka tabbatar ba shi da sarƙaƙiya. Karatu haɗa sauti ne da alama, sannan a gane ma'ana. Yaron da ya haɗa «s» da «a» da «i» da «w» da «a» ya ji kalmar da ya sani, ya sami ladan wahalarsa nan take, sai ya ƙara himma. Wanda ya haɗa haruffan kalmar da bai taɓa ji ba, babu abin da zai gaya masa ko ya yi daidai. Ga shi kuma rubutun boko na Hausa kusan kowane harafi sautinsa ɗaya ne, saɓanin na Turanci inda harafi guda ke da fuska uku ko huɗu. Da zarar yaro ya gane sirrin haɗa baƙi da wasali, ba sai an sake koya masa wannan sirri a harshe na biyu ba, kalmomi ne zai nema.

Malamanmu na allo sun riga kowa sanin haka. Da suka zo koyar da haruffan Larabci ga yaron da bai ji Larabci ba, sai suka raɗa musu sunaye da bakin gida: ba guje, ha kuri, mim jaye, lam ara, alu baƙi. Suka tsara matakai, babbaƙu kafin farfaru, ba a wanke wa yaro allo sai ya biya abin da ke kai. Duk tsangayar da ke ƙasar Kazaure, wadda Roni ke cikinta, tana tafiya bisa ƙa'idar da ajin boko ya yi watsi da ita, wato a fara da abin da yaro ya sani, kuma kada a wuce sai ya iya. Ita ma bokon da Hausa ta shigo Arewa. Makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa take koyarwa, kuma don a samar wa 'yan makaranta abin karantawa ne Hukumar Talifi ta Zariya ta sa Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930. Da guguwar UPE ta zo a 1976, azuzuwa suka ninka, malamai da littattafai suka kasa bin sawu, wannan igiya ta fara tsinkewa.

An ma yi gwajin a Nijeriya. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife sun koyar da rukunin yara da Yarbanci tsawon shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi a hannun malamai ƙwararru. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, sun kuma fi su a wasu darussan. Abin lura shi ne sai da aka rubuta littattafan lissafi da kimiyya da Yarbanci, aka horar da malamai, kafin a ga sakamako. A Damagaram, arewa da mu, Jamhuriyar Nijar ta fara makarantar gwaji mai amfani da Hausa tun 1973. A baya-bayan nan kuma shirin Mu Karanta a Sakkwato da Bauci da shirin RANA a Katsina da Zamfara sun samar da littattafan fara karatu da Hausa tare da jagoran malami, don haka ba daga tushe za a faro ba.

Dole a saurari masu ja. Uba a Gwiwa ko Roni yana kallon Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, da cibiyar koyon kwamfuta da ke garin, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021, ya san duk da Turanci ake shiga, da Turanci ake fita. Yana ganin masu hali suna kai 'ya'yansu makarantun kuɗi inda ake cin tarar wanda ya yi Hausa, sai ya yi zargin ana so a bar nasa a baya. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma duk mai kare harshen uwa da ya raina shi bai yi wa talaka adalci ba. Amsarsa ita ce Turancin da yake nema ba ya samuwa ta hanyar maimaita jimlar da ba a fahimta ba, shekara shida. Yaron da ya iya karatu a aji biyu shi ne zai iya ɗaukar littafin Turanci a aji huɗu ya yi fama da shi shi kaɗai. Akwai kuma 'ya'yan Fulani na rugage da ke zuwa da Fillanci a baki, waɗanda Hausa ma harshe na biyu ce gare su. Yawancinsu suna jin ta daga kasuwa da maƙwabta, don haka ta fi musu Turanci kusa nesa ba kusa ba, amma suna buƙatar malamin da ke jin harshensu a ajin farko.

Firamare a hannun jiha da ƙananan hukumomi take, ta hanyar hukumar SUBEB da sakatarorin ilimi, kuma sanarwar Abuja ba ta hana koyar da Hausa a matsayin darasi ba. Jigawa na iya ware sa'a guda kullum a aji ɗaya da na biyu don karatun Hausa zalla, kowane yaro da littafinsa a hannu wanda zai tafi da shi gida, Turanci kuma a fara shi da baki da waƙa da hira kafin rubutu. Kwalejin Ilimi ta Gumel na iya mayar da koyar da fara karatu kwas na dole ga duk mai shirin shiga ajin firamare. A ƙarshen aji biyu hedimasta ya zaunar da kowane yaro minti ɗaya, ya miƙa masa ɗan labari na layi biyar da Hausa, ya ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, ya yi masa tambaya biyu a kan abin da ya karanta. A tara sakamakon mazaɓa mazaɓa, daga Amaryawa da Gora zuwa Yanzaki da Zugai, a karanta wa iyaye a taron kwamitin makaranta, a kuma maimaita shekara mai zuwa da yaran da suka biyo baya.