Kwalbar Mofin ta Makindye: Tarihin Hospice Africa Uganda

A watan Mayun 2025 Dakta Anne Merriman ta rasu a Kampala, kwanaki kaɗan bayan ta cika shekara 90. Haihuwar Liverpool ce ta ƙasar Ingila, amma a Uganda ta ƙare rayuwarta, kusa da cibiyar da ta kafa a 1993, wato Hospice Africa Uganda. Aikin wannan cibiya shi ne kula da majinyatan da asibiti ta gama nata a kansu. Duk wanda ya taɓa jinyar tsoho mai ciwon daji ya san wannan rana, ranar da likita zai ja babban ɗa gefe ya ce masa, "Ku kai shi gida, sai dai addu'a." Daga nan sai a koma ɗaki, tsoho yana nishi dare da rana, 'ya'ya da jikoki suna karɓa-karɓar zama a gefensa, ba mai abin yi sai fifita da sannu. Wannan ɗakin ne Merriman ta ce akwai sauran aiki a cikinsa.

Ba baƙuwar Najeriya ba ce. Tun tana budurwa ta shiga wata ƙungiyar mata masu hidimar cocin Katolika a Ayilan, ta yi karatun likita a Dublin ta gama a 1963, aka turo ta kudu maso gabashin Najeriya, inda ta yi kimanin shekara goma a asibitocin mishan. Da ta bar ƙungiyar ta koma Ingila, sai ta ƙware a fannin da likitoci matasa ba su cika rububinsa ba, wato lafiyar tsofaffi. A nan ta saba da majinyacin da ba warkewa zai yi ba, ta kuma san aikin Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967, ta koya wa duniya cewa raɗaɗin mai ciwon ajali ba na jiki kaɗai ba ne, har da tsoro da kaɗaici da tunanin waɗanda zai bari.

Daga baya ta koyar a Malesiya da Singafo. A Singafo ne ita da masu haɗa magani suka fito da hanya mai araha ta narkar da garin mofin, wato maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, a ruwa, yadda majinyaci zai sha a gidansa ba sai an yi masa allura ba. Da wannan ilimi ta zo Kenya a 1990 a matsayin likitar farko da ta jagoranci gidan jinya na Nairobi. Wata maƙala da ta rubuta a lokacin ta jawo mata wasiƙu daga ƙasashen Afirka da dama, kowa na cewa a zo a yi mana irinsa. Kafin nan wuraren da ke wannan aiki a nahiyar ba su taka kara sun karya ba, na farkonsu shi ne Island Hospice na Harare, wanda aka buɗe a 1979.

Uganda ta zaɓa, kuma ba don sauƙi ba. Ƙasar ba ta daɗe da fitowa daga yaƙi ba, ga ƙanjamau yana cin gari da ƙauye, ga ciwon daji da ake kawowa asibiti bayan ya gama cin jiki. Sharaɗi ɗaya ta gindaya: ba za ta fara ba sai gwamnati ta yarda a shigo da garin mofin. Ministan lafiya na lokacin, Dakta James Makumbi, ya amince. Wannan amincewa ita ce ginshiƙin komai, domin da ya ƙi, da labarin ya tsaya a nan.

Farkon aikin abin tausayi ne, abin sha'awa kuma. Wani ƙaramin gida mai ɗaki biyu da asibitin Nsambya ta ba su aro shi ne ofis, shi ne wurin kwana, shi ne ɗakin haɗa magani. Mutum uku ne kacal, cikinsu har da Fazal Mbaraka daga cikin ma'aikatan jinya na Nairobi, kuɗin hannunsu kuwa na wata uku ne. A ɗakin girki ake auna garin mofin, a zuba tsabtataccen ruwa, a sa ɗan maganin hana lalacewa, sannan a ɗiga kalar da ake sa wa abinci: kore ga marar ƙarfi, ja ga mai ƙarfi. Sai a ɗura a tsofaffin robobin ruwan sha da aka wanke. Wannan kala ba ado ba ce. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane kwalbarta, jikanta ɗan firamare zai iya auna mata duk bayan awa huɗu, a ninka da daddare don kowa ya samu barci.

A nan ya kamata a tsaya, domin waɗannan shekaru na farko su ne suka ba cibiyar halinta. Ba ta gina ɗakunan kwantar da marasa lafiya ba. Merriman ta lura cewa ɗan Afirka ya fi son ajalinsa ya riske shi a ɗakinsa, cikin danginsa, don haka ma'aikatan jinya ne ke shiga mota su bi unguwa-unguwa. In sun isa ba allura suke fara zarowa ba. Sukan zauna, su gaisa, su saurari majinyaci, sannan su juya ga mai jinya, wadda galibi 'ya ce ko suruka da ta bar sana'arta ta tare. A koya mata yadda za ta juya shi kada bayansa ya yi gyambo, da yadda za ta wanke masa baki. Miki mai wari, wanda ke sa 'yan dubiya su tsaya daga bakin ƙofa, sai a niƙa ƙwayar Flagyl a barbaɗa masa, cikin 'yan kwanaki warin ya ɗauke, jikoki su dawo ɗakin kaka. Mofin kan ɗaure ciki, maganin sakinsa na kanti kuma da tsada, sai suka koma ga busassun 'ya'yan gwanda da aka daka. In gidan ba abinci a kai ɗan abin da ya samu. In majinyaci yana son liman ko fasto a kira masa. Bayan rasuwa ma ba a yanke zumunci, ana komawa a duba waɗanda aka bari.

Turjiya ba ta rasa ba. Manyan likitoci da yawa sun ɗauka mofin jaraba ce kawai, wasu ma suka ce hanya ce ta gaggauta mutuwa, har akwai masu hana a ba majinyatansu. Ba mugunta ba ce, abin da aka koya musu ke nan. Merriman ba ta tsaya jayayya ba, sai ta shiga azuzuwan koyon likita na Jami'ar Makerere ta kama matasa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Cibiyar ta koma mazauninta na dindindin a unguwar Makindye, a 1998 kuma ta buɗe rassa biyu, ɗaya a Mbarara ɗaya a Hoima.

Babbar nasara ta zo a 2004. Da ƙoƙarin mutane irin su Dakta Jack Jagwe, Uganda ta gyara dokarta ta ba ma'aikatan jinya da mataimakan likita da suka samu horo na musamman ikon rubuta mofin, ta riga kowace ƙasa yin haka. Dalilin a fili yake. Likitoci kaɗan ne kuma sun taru a birni, in aka ce sai da sa hannunsu, to mutumin ƙauye ya mutu yana jira.

Shekarun da suka biyo baya ba su rasa tangarɗa ba. A 2010 maganin ya yi ƙaranci a faɗin ƙasar, amma wannan matsi ne ya haifar da yarjejeniyar 2011, wadda ta sa cibiyar ke haɗa mofin na sha domin Uganda baki ɗaya, gwamnati na biya, majinyaci na karɓa kyauta. An kuma yi lokacin da tallafin ƙasashen waje ya ja baya har aka tsuke bakin aljihu, abin da ba wata ƙungiyar agaji da ta tsira daga gare shi. Ƙofar dai ba ta rufe ba. A 2016, da na'urar gashin ciwon daji ɗaya tilo ta asibitin Mulago ta lalace, aka daɗe ba a samu madadinta ba, wannan kwalba ce ta rage wa mutane da yawa azaba.

Yau aikin da aka fara a ɗakin girkin nan ya haifar da makaranta mai ba da digiri tare da Makerere, ana zuwa daga ƙasashen Afirka masu Turanci da masu Faransanci, har da Najeriya. A jerin da sashen bincike na mujallar Economist ya fitar a 2015 kan kulawar ƙarshen rayuwa a ƙasashe 80, Uganda ce ta 35, Najeriya kuwa ta 77. Ba kuɗi ne ya raba su ba, kowa ya san wadda ta fi arziki.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya ɗaga gira da jin an ce a kai irin wannan magani gida, kuma yana da hujja. Mun ga ɓarnar kodin da tiramadol, har gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Sai dai abin da Uganda ta nuna cikin sama da shekara talatin shi ne, ruwan mofin mai rauni, wanda ake rubutawa a littafi daga ma'auni har zuwa hannun majinyaci, bai zama kayan mayen kasuwa ba. Tsoron ɗan shaye-shaye bai kamata ya faɗa kan tsohuwa mai ciwon dajin mahaifa ba. Asibitin koyarwa ta Ibadan ta buɗe sashen irin wannan kulawa tun 2007, amma daga Ibadan zuwa ƙauyukan Gumel tafiya ce mai nisa. Masu jinya muna da su a kowane gida, ba a taɓa rasa su ba. Abin da ya rage shi ne ma'aikaciyar jinya mai horo, da izinin doka a hannunta, da motar da za ta kai ta.