Sanin lokacin tashi: tarihin masu ƙirga karta a Amurka

A shekarar 1962 wani malamin lissafi mai suna Edward Thorp ya wallafa littafinsa Beat the Dealer, inda ya tona raunin wasan blackjack, wasan da ake neman kusantar 21 ba tare da an zarce ba. Kartar da aka jefa ba ta komawa cikin fakiti sai an sake cakuɗawa. Idan ƙananan lambobi sun fita da yawa, goma-goma da karta mai harafin A ne suka rage, rinjaye sai ya karkata wajen ɗan wasa. Thorp ya ɗora ne a kan binciken wasu sojoji huɗu na 1956, ya kuma yi lissafinsa da kwamfutar IBM 704 ta jami'ar MIT. Jama'a suka ɗauka ƙirgar ce sirrin, alhali abin da ya raya wannan sana'a shekaru da dama shi ne sanin lokacin tashi daga tebur.

Gidajen cacar Las Vegas ne suka jawo hakan. A watan Afrilun 1964 suka tsaurara dokokin wasan, 'yan wasa suka ƙaurace, dole suka janye cikin 'yan makonni. Sai suka koma wata dabara, suka riƙa haɗa fakiti da yawa a akwati guda, har ya kai shida ko takwas. Tsarin ƙirga da Harvey Dubner ya gabatar a 1963 mai sauƙi ne: daga 2 zuwa 6 ka ƙara ɗaya, goma ko A ka rage ɗaya. Amma a akwati mai fakiti shida ƙirgar ba ta cika hawa ba, kuma duk zagayen da ta tsaya a sifili ko ƙasa, gida na da rinjayen kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari ko fiye. Wanda ya liƙe a kujera yana jira, kuɗinsa ne ke zurarewa. A 1975 Stanford Wong ya bayyana mafita a littafinsa Professional Blackjack. Mutum zai tsaya a bayan masu wasa kamar ɗan kallo, kofi a hannu, yana ƙirgawa da ido. Ƙirga ta hau, ya ja kujera. Ta faɗi, ya tattara kuɗinsa ya matsa wani tebur. Shaidar cewa dabarar ta yi wa gidajen ciwo ita ce alamar da suka fara kafawa a kan wasu tebura, mai hana shiga wasa sai an buɗe sabon akwati.

Wani zai ce ai tun kaka da kakanni an san maganar: ka ci, ka gudu. Wannan shawara ba ta da gindi a lissafi, domin karta ba ta san abin da ke aljihun mutum ba. Wanda ya tashi don ya ci riba alhali akwatin cike yake da goma-goma, ya bar damar da ya daɗe yana jira. Wanda ya zauna neman fansar asara kuwa ƙirga na ƙasa, ramin mugunta yake gina wa kansa. Inda masu wannan ra'ayi suke da gaskiya shi ne batun gajiya. Rinjayen mai ƙirga bai cika wuce kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuskure kaɗan ya isa ya cinye shi. Wannan ƙanƙantar ribar ta ƙwararru ma ta isa hujja ga duk mai tsammanin caca hanyar arziki ce, ban da haramcinta da Musulmi ya riga ya sani.

Sai kuma idon masu gida. A 1982 Kotun Ƙoli ta jihar New Jersey ta ba wani mai ƙirga karta mai suna Ken Uston gaskiya, ta hana gidajen Atlantic City korar mutum don ya iya ƙirga. Gidajen suka rama da cakuɗa karta da wuri da zarar sun zargi wani. A Nevada kuwa korar halas ce a doka, kuma wani kamfani mai suna Griffin ya daɗe yana raba wa gidaje hotunan waɗanda ake zargi. Shi ya sa ƙwararru suka gajarta zama, suna ficewa da zarar mai sa ido ya ɗauki waya yana kallonsu. Daga baya aka kawo injin da ke mayar da karta bayan kowane zagaye, aka kuma rage biyan 21 na farko daga 3 bisa 2 zuwa 6 bisa 5 a tebura da yawa. Mai ƙirga da ya ga ɗaya daga cikin biyun nan ba ya ma zama.