Saɓanin Ruwayoyin Warkarwa a Linjila: Tarihin Muhawarar

Saɓanin ruwayoyin warkarwa shi ne bambancin da ke bayyana idan aka jera labarin mu'ujiza guda ta Yesu Almasihu kamar yadda Matiyu da Markus da Luka suka kawo shi. Wanda ya fi shahara shi ne na makahon Yariko. Markus (10:46-52) ya ce mutum ɗaya ne, Bartimawas, kuma Yesu yana fita daga garin aka warkar da shi. Luka (18:35-43) ya ce ɗaya ne, amma ana gab da shiga garin. Matiyu (20:29-34) ya ce makafi biyu ne. Haka mai aljanun nan na hayin Tekun Galili: ɗaya ne a Markus da Luka, biyu a Matiyu. 'Yar Yayirus tana bakin mutuwa a Markus lokacin da ubanta ya zo roƙo, a Matiyu kuwa ta riga ta rasu. Hafsan sojan Kafarnahum ya zo da kansa a Matiyu, a Luka dattawan Yahudawa ya aika.

Tun da wuri Kiristoci suka ga wannan. Wajen shekara ta 170 Tatiyan ya narkar da Linjila huɗu cikin labari ɗaya mai suna Diyatesaron, ikilisiyoyin Suriya suka yi ta karanta shi har ƙarni na 5, sa'ad da Bishop Tiyodoret ya kwashe fiye da kwafi 200 ya maye gurbinsu da littattafan huɗu. Wannan mataki yana da nauyi a tarihin batun: ikilisiya ta gwammace ta riƙe shaidu huɗu da bambancinsu a fili a kan shaida ɗaya da aka goge. A ƙarni na 3 Orijin ya lura cewa Garasa, wadda kwafe-kwafe da yawa suka ambata a labarin mai aljanu, ta yi nisa da teku ƙwarai. Ita ce Jarash ta Jodan a yau, kimanin kilomita 50 daga bakin ruwa, yayin da Gadara, wadda Matiyu ya ambata, ba ta wuce kilomita 10 ba. Orijin kuwa ya zaɓi wani wuri mai suna Gargasa a gaɓar tekun.

Agustin na Hippo ya rubuta littafi sukutum kan jituwar marubuta Linjila wajen shekara ta 400, kuma amsoshinsa ne masu wa'azi ke maimaitawa har yau. Ya ce Bartimawas sananne ne, shi ya sa Markus ya ambace shi ya bar ɗayan. Wanda ya ce ɗaya bai ce babu na biyu ba. Kan hafsan kuwa, ya ce wanda ya aika manzo ana iya cewa shi ya zo. Haka ake cewa sarki ya gina ganuwa alhali bai taɓa laka ba. Wannan hujja tana da ƙarfi. Ta Yariko ce ta fi ba shi wuya, har ya ɗauki labarin Luka a matsayin wata warkarwa dabam.

Andreas Osiander ya kai wannan dabara maƙura a 1537. Duk inda ruwayoyi suka bambanta sai ya ce abu biyu ne ya faru, har makafin Yariko suka zama huɗu. Kalbin ya soke shi a sharhinsa na 1555, yana ganin marubutan ba su ɗaure kansu da jerin lokaci ba. Daga baya aka kawo bayanin Yariko biyu, tsohon kufai da sabon garin da Hirudus ya gina, wato Yesu ya fita daga ɗaya yana shiga ɗayan. Wuraren biyu suna nan, sai dai nassin bai nuna marubutan suna rarrabe su ba.

Tambayar ta sauya a Jamus. Johann Griesbach ya buga Linjila uku gefe da gefe a 1776 ba tare da ya daidaita su ba. David Strauss, a 1835, ya ɗauki bambancin a matsayin alamar cewa labaran sun girma a bakin jama'a, abin da ya raba shi da aikinsa na koyarwa a Tübingen. A shekarar 1835 ɗin kuma Karl Lachmann ya share hanyar ra'ayin da yawancin masana ke kai yanzu, cewa Markus ne ya fara rubutawa, Matiyu da Luka suka ɗebo daga gare shi.

Daga nan aka fara duba halin kowane marubuci, kuma nan ne bayani mafi gamsarwa yake. Matiyu mai taƙaitawa ne: labarin Yayirus aya 23 ne a Markus, shi ya kawo shi cikin aya 9, ya cire manzannin da suka zo da labarin rasuwar, don haka yarinyar ta rasu tun daga farko. Haka a labarin hafsan babu 'yan aike a wurinsa. Dalilin da ya sa yake ninka mutum ɗaya ya zama biyu kuwa, masana ba su daidaita a kai ba har yanzu.